Fim Ɗin da Mai Katifa Ya Kalla a Juye

Da Mai Katifa ya san abin da zai gani ranar nan, da bai matsa wa Auta ya nemo masa fim ɗin ba. Amma shi ya matsa, har da cewa ba zai ce uffan a kan maganar tafiya ba sai an kalla.

Maganar tafiyar ce ta hana shi sukuni. Auta shi kaɗai ne ɗansa namiji, bayan mata uku da duk sun yi aure. Ya ƙware a walda, har wani kamfanin jiragen ruwa ya ɗauke shi aiki. Aikin kuwa ba a bakin gaɓa yake ba, a cikin jirgi za a riƙa tafiya da shi, wata da watanni a tsakiyar teku. Motar kamfani jibi za ta tashi, kuma Auta ya faɗa a gaban mahaifiyarsa cewa in Baba bai ce "je ka" da bakinsa ba, ko jaka ba zai ɗauka ba. Wannan biyayyar ta fi komai damun uban. Da yaron ya yi masa taurin kai, da ya sami wanda zai yi wa faɗa. Yanzu abin ya rage daga shi sai harshensa.

A shago ma an ga alama. Ya cusa wa katifa auduga gefe guda ya fi gefe, ya ɗinke bakinta, sai da mai ita ya kwanta gwaji ya gangara ƙasa sannan ya lura. Ya zauna yana farke ɗinki yana ba da haƙuri.

Shi dai fim ɗin sau ɗaya tak ya gan shi, yana saurayi, a wata sinima da ke bayan tashar mota wadda yanzu ta zama wurin ajiye siminti. Ba ya jin yaren da ake yi a ciki, ba ya iya karanta rubutun, kuma bai taɓa ganin teku ba sai ranar. Amma tun daga lokacin, duk wanda ya zauna a bencin shagonsa aka ɗauko zancen fim, sai ya ajiye allura.

"Ku bar waɗannan na harbe-harben," yakan ce. "Ku je ku nemi na teku."

"Mene ne sunansa, Mai Katifa?"

"Suna kuma? Ka ce na teku, za a gane."

Ba a taɓa ganewa ba. Sai shi ya riƙa ba da labarin. Wani saurayi ne ya bar gida ya shiga jirgin kamun kifi. Iska ta taso, ruwa ya miƙe tsaye kamar bangon bene, jirgi ya ɓace a ciki. Tsohon ubansa ya yi ta tsayuwa a bakin ruwa yana duba. Can a ƙarshe sai ga saurayin yana hawo gangare da buhu a kafaɗa, kare yana zagaya shi, uwarsa ta saki kwano ya faɗi. Wannan dawowar ce ya riƙe tsawon rayuwarsa. Lokacin da aka shiga da matarsa ɗakin tiyata za a ciro Auta, yana zaune a baranda, saurayin nan ya riƙa gani yana hawo gangare. Shi ya sa yanzu yake son ya sake ganinsa da idonsa. Yana jin in ya ga dawowar sau ɗaya, kalmar za ta fito.

Auta ya sha wahala. Ya yi ta bincike a waya da ɗan abin da uban ya iya tunawa: jirgi mai ɗinkakken ƙyalle, tsoho mai ɗingishi, farin kare. Da rana tsaka ya shigo shago ya miƙa masa wayar.

"Baba, duba wannan tsohon. Shi ne?"

Mai Katifa ya ɗaga tabarau ya kawo fuskarsa kusa. Sai ya zauna a kan buhun auduga ba tare da ya duba bayansa ba. "Shi ne," ya ce a hankali. "Ko tsufa bai ƙara ba."

Ya rufe shago da wuri, abin da bai saba ba. A gida Auta ya haɗa wayar da talabijin, ya saki labule don hasken yamma. Matar gidan ta shigo da tiren shinkafar da take tsincewa, ta zauna a bakin ƙofa.

"Yau dai zan ga mutumin nan," ta ce. "Da labarinsa aka nemi aurena tun ina budurwa. Ya dawo a ɗakin nan ya fi sau dubu, ko ruwa ban taɓa ba shi ba."

"Maman yara, in za ki kalla ki yi shiru."

"Na yi shiru, Malam. Auta, ƙara murya, ko da yake ba ji za mu yi ba."

Rubutu ya hau, ya sauka. Sai ga gangare, sai ga saurayi da buhu a kafaɗa, kare yana zagaya shi. Uwa ta fito, kwano ya faɗi.

"Tsaya," in ji Mai Katifa. "Ka kai ƙarshe. Mayar da shi farko."

Auta ya duba wayar. "Farkon ke nan, Baba. Yanzu aka fara."

"Ka taɓa wani abu dai."

"Wallahi ban taɓa ba. Ga layin nan, duba, ko tafiya bai yi ba."

Fim ya ci gaba. Aka zauna cin abinci, saurayin yana nuna da hannu girman kifin da ya gani, ana dariya. A nan ne Mai Katifa ya san an kunna fitilu a sinima, kowa ya tashi yana kakkaɓe riga. Amma a talabijin ba a tsaya ba. Gari ya waye, saurayin yana gyaran komar kamun kifi, ya fara shirin wata tafiyar. Daga nan duk abin da ya biyo baya Mai Katifa ya san shi, domin da shi aka fara a wancan karon.

Nan ya fara ganewa. Ya tuna yadda fim yake zuwa a zamaninsu, naɗi-naɗi a cikin faffaɗan gwangwani, mai haskawa yana cire wannan ya ɗora wancan. Ya tuna ranar an fara ba rubutu, ba kowa ya kula ba don ana ta neman wurin zama. Ya tuna bayan tsohon ya tsaya a bakin ruwa allo ya yi duhu, rubutu ya hau, aka yi ta fito da baki ana buga benci, shi ya ɗauka hutun rabi ne. Da aka dawo wani rubutun ya sake hawa, ya ce a ransa ai cewa aka yi bayan shekaru. Ashe naɗin farko aka manta, aka ɗora shi a ƙarshe.

Bai faɗa musu ba. Tekun ya riga ya iso.

Ya zaci ƙaramin allo zai rage masa girma. Bai rage ba. Ruwan ya taso baƙi ƙirin, ya yi sama har ya cinye sararin, jirgin ya koma kamar ɓawon gyaɗa a gindinsa. Ba kiɗa, sai rurin iska da kukan katako. Matar gidan ta daina tsintar shinkafa, hannunta a cikin tire. Mai Katifa ya ji tsigar jikinsa ta tashi daidai yadda ta tashi yana saurayi, ya riƙa faɗi a ransa, ikon Allah, wannan duk ruwa ne, kuma mutane suna shiga da ƙafarsu. Ya saci kallon Auta. Yaron ya sunkuyo gaba, hasken yana wasa a fuskarsa, ba alamar tsoro, sai wani irin kwaɗayi.

Iska ta lafa. Tsoho ya fito da ɗingishinsa ya tsaya a bakin ruwa, kare a gefensa. Ya daɗe yana duba. Allo ya yi duhu, rubutu ya hau, layin wayar ya kai ƙarshe.

Matar ce ta fara magana, a hankali, ba zolaya. "To ina dawowar, Malam?"

"Kin gan ta. Ita aka fara nunawa." Ya share fuska da tafin hannu. "A juye aka haska mana. Wancan dawowa daga wata tafiya ce. Wannan ba a nuna ba."

Auta ya dubi ubansa ya ga yadda ya rame a zaune. "Baba, abu ne mai sauƙi. Sai in mayar da farkon yanzu, mu kalla a matsayin ƙarshe, kamar yadda ka san shi."

Mai Katifa ya so hakan, har ya buɗe baki. Taɓawa ɗaya, saurayin zai hawo gangare. Amma ya san ko an nuna, yanzu buhun nan na tsohuwar tafiya ne.

"Bar shi," ya ce. "Kai ni wurin igiya."

"Wace igiya?"

"Da za su tashi. Wurin da tsohon yake kwance jirgi."

Auta ya ja layin baya har ya samu. Wannan wurin Mai Katifa bai taɓa sa shi a labarinsa ba, domin a wancan lokacin saurayin yake kallo. Yanzu tsohon ya kalla. Ya durƙusa da ƙyar a gindin turke, ƙulli ya ƙi kwantuwa, wani ya matso zai taya shi ya ture hannunsa. Da ƙullin ya saki bai jefa igiyar nan take ba. Ya riƙe bakinta, jirgi yana ja, tana zamewa a tafinsa kaɗan-kaɗan, har ta miƙe sosai. Sannan ya buɗe hannu.

"Sake nuna wurin," in ji Mai Katifa.

Aka sake. Abin da ya cika shi da mamaki ya fi tekun. Wanda ya shirya fim ɗin, wani mutum a wata ƙasa, mai wani yare, wanda wataƙila ya daɗe da mutuwa, ya san abin da ke cikin ƙirjin mai katifa a yau, tun kafin a haifi Auta. Ya sani har ya sa a nuna hannun kawai, ba fuska ba.

"Shi wannan tsohon," ya ce, idonsa na kan allo, "ya san ruwan nan. Ƙafar tasa ma ina jin a can ya samo ta."

"Ga alama, Baba."

"Kuma shi ya kwance."

Uwar ta sunkuyar da kai a kan tire.

"Naku jirgin na ƙarfe ne ko?"

"Na ƙarfe ne. Ya ninka wannan nesa ba kusa ba."

"Kuma kai ne mai liƙe shi in ya tsage."

"Ni da wasu."

"To ka liƙe da kyau, kada ka yi irin aikin da na yi wa katifar bawan Allah jiya." Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito sosai ba. Ya ɗora hannu a kan gwiwar ɗansa, ya bar shi a nan na ɗan lokaci. "Je ka. Allah ya tsare, ya yi maka albarka."

Uwar ta tashi da tirenta ta shige kicin, aka ji ta buɗe famfo da ƙarfi.

Jibin ya zo, mota ta tashi da Auta. Mai Katifa ya koma shago, kuma har yanzu yana cewa a nemi na teku, sai dai yanzu in an tambaye shi yadda ya ƙare yakan ce a je a gani. Ko saurayin cikin fim ya dawo daga tafiyarsa ta biyu, bai sani ba. Ranar da jirgin su Auta zai juyo gida ma, har yanzu ba wanda ya faɗa masa.