Sipikar Ɗakin Inna

Badaru tela ne a kasuwar Illela, amma tun yana ƙarami ba ya iya ganin rediyo bai kwance bayanta ya leƙa ba. Bayan damina ya ƙudurta haɗa amfilifaya da hannunsa, mai layi huɗu, yadda karatu ko waƙar da ya kunna a wayarsa za ta fita a zaure, da tsakar gida, da ɗakin matarsa Zubaida, da kuma ɗakin mahaifiyarsa Inna Fadimatu, wadda ciwon gwiwa ya hana ta yawan fita.

Taransifomar daga wani mataccen inji ya ciro ta. Taransistocin kuwa ya ɗaure su a jikin guntun alminiyam na tsohuwar taga, don su riƙa shan iska. Kullum ya dawo daga kasuwa sai ya shimfiɗa tabarma gindin darbejiya, ya yi ta narka dalma, Zubaida tana ƙorafin warin ya shiga mata miya.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya kunna. Layi uku suka fito garau. Yana cikin murna sai ya ji Inna tana kwaɗa masa kira.

"Badaru! Wane na kas saka mini cikin akwatin ga?"

Ya shiga ɗakin. Karatun yana fita, amma a ƙarƙashinsa akwai wata siririyar murya. Ya koma ya kashe wayar, ya bar amfilifayar a kunne. Muryar ta rage ita kaɗai: wani mutum yana Faransanci, can kuma ya juya Hausa, yana miƙa gaisuwa ga mutanen wata unguwa.

Inna ta miƙe zaune. "Wagga murya ta Ƙonni ce. Unguwarmu ce ya ambata."

A Birnin Ƙonni aka haife ta, can tsallaken iyaka, aure ya kawo ta Illela.

"Inna, ban sa rediyo ciki ba," in ji Badaru. "Ko eriya babu."

"To ta ina yab biyo?"

Bai sani ba, kuma abin ya hana shi sukuni. Washegari bai je kasuwa ba. Ya musanya sipikar Inna da ta zaure, mutumin Ƙonni ya ci gaba da magana a ɗakin Inna. Ya musanya layin a jikin amfilifayar, muryar ba ta gushe ba. Inna ta sa aka fitar mata da kujera bakin ƙofa, tana bin duk abin da yake yi da ido, tana tambayar sunan kowane ƙarfe.

"Mi ab bambancin tawa da ta Zubaida?" ta tambaya.

"Babu. Sai dai wayar sipikarki ta hi tsawo, don ɗakinki na ƙarshen gida. Bisa kwano na bi da ita."

"To sauko da ita mu ji."

Ya hau tsani ya sauko da wayar, ya naɗe ta a hannu kamar igiyar guga. Muryar ta yi ƙasa har ta kusa ɓacewa. Ya warware ta, Zubaida ta riƙe ƙarshen ta ja zuwa bakin rijiya, sai ga mutumin ya dawo yana sanarwar ɗaurin aure. Suka yi ta naɗewa suna warwarewa, su ukun suna dariya. Nan Badaru ya gane cewa doguwar wayar ce ta zama eriya, tana kwaso tashar ta shigar da ita cikin amfilifayar ta baya.

"Abu mai sauƙi na," ya ce. "In murɗa wayoyin biyu da juna, in bi da su ƙasa, shi ke nan ya yi shiru."

"Kada ka taɓa," in ji Inna. "Shi mutumin, daga ina yaka maganar? Ɗaki na, ko bisa ƙarhe yaka hawa?"

"Ɗaki na, Inna. Ƙarhen na waje, dogo."

"Ina son in gani."

Zubaida ta tuna mata gwiwa, Inna ta ce gwiwar ba ita za ta tuƙa ba. Ranar Laraba Badaru ya ɗauko a-daidaita-sahun abokinsa Attahiru, suka tsallaka iyaka. Sai da suka yi tambaya wurin masu shayi kafin suka sami tashar, wani ƙaramin gida mai shuɗin fenti, da dogon ƙarfen eriya a tsaye a bayansa. Inna ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonsa. Maigadin ya ji labarinsu, ya yi dariya, ya shiga ya fito da mai gabatarwar. Wani siririn saurayi ne mai tabarau.

"Kai na?" in ji Inna. "Na ɗauka tsoho na mai gemu."

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi sunanta da na mahaifinta. Daga nan suka wuce gidan ƙanwarta Raliya, inda Inna ta ce wa Badaru ya koma, sai jibi ya zo ya ɗauke ta.