Rigunan Baba Biyu

"Ba kowane bambanci ba fa," in ji Malama, tana buga alli a ƙarƙashin kalmar Turancin da ta rubuta a allo, contrast. "Irin wanda in an jera abu biyu gefe da gefe, ko daga bayan aji sai ka gan shi. Jiya na ce kowa ya zo da misali daga gida. To, bismilla."

'Yan aji biyar suka shiga fitowa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya kawo gawayi da auduga, wata cokalin shayi da ludayi. Wani sarkin lalaci da bai kawo komai ba ya nuna sumarsa, sannan ya nuna sanƙon hedimasta ta taga. Aji ya fashe da dariya, ita kuwa ta zare masa ido tana cije leɓe.

Sai ga Auta, 'yarta ta cikinta, ta taso da leda a hannu. Ta zaro riguna biyu na maza, ta ɗaga su sama, ɗaya faffaɗa, ɗaya 'yar siririya.

"Ta babanki da ta yayanki ke nan?" wata ta tambaya.

"A'a, duk na Baba ne. Wannan ta bara ce, wannan kuma makon jiya ya ɗinka ta."

Yara suka sake dariya. Malama kuwa ta ƙura wa rigunan ido.

Mijinta tela ne, kuma ɗan gayu na gaske, ba a taɓa ganin riga ta yi masa yawa ba. Wata shida ke nan yana tari, yana ture kwano da rabin abinci a ciki. In ta ce asibiti, sai ya buɗe hannuwa ya juya a gabanta ya ce, "Dube ni, kayana cif-cif a jikina. Wace rama kike gani?" Ita kuma sai ta duba, ta ga kafaɗa ta zauna daidai, hankalinta ya kwanta. Ashe duk kwana biyu sai ya hau keken ɗinki ya rage kayan nan, kaɗan-kaɗan, ya yanke abin da ya fita. Wayyo! Ita da ke koya wa 'ya'yan mutane su jera abu su gani, ba ta taɓa jera mijinta na bara da na bana ba.

"Malama, na ci?" Auta ta tambaya.

"Kin ci," ta ce. "Kawo su nan."

Ta roƙi malamin ajin kusa ya riƙe mata yaran, ta fita ko jakarta ba ta ɗauka ba. A motar haya ta rungume ledar, tsoro da haushin kanta sun cika mata ciki.

Ta same shi a shago, tef ɗin awo rataye a wuya, ya duƙufa kan keke. Wandonsa ne a ƙarƙashin allura, ya farke ƙugun.

"A'a, Maman Auta, an tashi ne tun yanzu?"

Ta shimfiɗa babbar rigar a kan teburin yanka, ta ɗora ƙaramar a kai. Ta kowane gefe sai da ta ƙasan ta leƙo da faɗin tafin hannu.

Ya daɗe yana kallo. "Ban so hankalinki ya tashi ba ne," ya ce a hankali.

"Ga shi nan ya tashi. Rufe shagon, asibiti za mu."

Ya miƙa hannu zai ɗauki ƙaramar, ta janye ta.

"Ta bara za ka saka. Likita ma ya gani da idonsa."

Ya saka. Ɗinkin kafaɗa ya sauko masa kusan gwiwar hannu. Ya dubi madubin da yake gwada wa mutane kaya, sannan ya laluba aljihu ya miƙa mata makullin shagon.