Kifin Kumandan

"Tsaya mana, ɗan banza!" Tukur mai hoto ya daka wa kifin tsawa, ya manta kumandan yana tsaye a bayansa.

Kifi dai bai tsaya ba. Shi da 'yan'uwansa jajaye sai wulgawa suke a akwatin gilashin da Nasara ya bari da zai koma ƙasarsu. Sabon kumandan, ɗan ƙasa, ya gaji gida, ya gaji kujera, ya gaji kifi, yanzu kuma hotonsu yake so ya aika wa abokansa a Yamai.

"Ranka shi daɗe, a buɗe taga. Ɗakin ga da duhu."

"Rana na kashe su."

"To a hidda su waje kaɗan."

"Kai, ba shawara aka kira ka ba. Ɗauka!"

A duhu irin wannan sai an bar idon na'ura a buɗe ya ɗan jima, wanda ake ɗauka kuwa ko ƙifta ido kada ya yi. Je ka gaya wa kifi haka! Duk dannawar da Tukur ya yi ya san hazo ya ɗauka, fim kuma sai ƙarewa yake, ga sabo sai an yo saƙo daga Yamai.

Abin da ke cin ransa ba kifi ba ne. Mahaifiyarsa, Inna Shatu, tun da ya fara sana'ar nan take cewa ba mai kama kurwarta ya sa a takarda. Yau ta zo daga Matankari, tsufa ya ci ƙarfinta, ta ɗaura baƙin zanenta na rini, ta ce, "Ɗauke ni sau guda, jikokina su san huskata. Gobe in koma." Ta zauna ke nan gardin kumandan ya shigo ya tasa shi gaba, kamar ɓarawon akuya.

Ya duba na'ura. Saura ɗaya.

"Fim ya ƙare, ranka shi daɗe."

"Ƙarya kake!"

"In ƙarya ce, a kira wani ya ɗauka."

Wani mai hoto kuwa babu a Dogon Dutsi, kumandan ya sani. Don haushi ya sa gardi ya zaunar da shi a bakin ƙofa. Tukur yana zaune yana kallon inuwa tana tsawo, kamar ya fashe. Sai da rana ta sauka bayan dutse aka ce ya ɓace musu da gani.

Da gudu ya iso gida. Inna Shatu tana nan kan kujerar da ya bar ta, tsakar gida ta yi duhu-duhu.

"Sun cuce ni, Inna! Kan kihi! Kihin Nasara! Haske ya tahi, yanzu ba mai ɗaukuwa sai wanda za shi ƙame kamar dutsi."

"Mi ka rage maka?"

"Guda."

"To bar ihu, ka ishi mutane." Ta gyara kallabi, ta ɗora hannuwa a gwiwa. "Tun hantsi nike zamne nan. Ni ba kihi ba ce. Buɗe abinka."

Ya ɗaga na'urar, sai ya tuna ita ma dole ta tsaya cik. Ya jawo turmi ya kife, ya ɗora ta a kai, ya durƙusa. Ya buɗe idon na'ura, ya riƙe numfashi.

Sauro ya sauka a goshin tsohuwar. Ba ta kore shi ba.