Daƙiƙa Bakwai na Muryar Inna

Kowa a layin ya san Injiniya da iya aiki, an kuma san shi da sakin baki. A wannan karon hannunsa ne ya fara kuskuren, bakin ya zo ya ƙarasa.

Wata Talata da hantsi wata malamar asibiti ta kawo mahaifiyarta ɗakinsa na ɗaukar sauti. Tsohuwar ba mawaƙiya ba ce. Waƙar reno ce guda ɗaya da ta goyi 'ya'yanta takwas da ita, 'yar kuma tana so a adana kafin ciwon ƙirji ya cinye muryar. Malamar ta koma bakin aiki. Injiniya ya zaunar da tsohuwar bayan gilashi, ya gyara mata makirufo, ya danna jan maɓalli. Da ya ga layin sauti yana motsi a kwamfuta, sai ya miƙe ƙafa ya kira abokinsa a waya.

Bai saurari aikin ba sai bayan kwana goma sha ɗaya, ranar da saƙo ya zo cewa tsohuwar ta rasu.

Kuskuren ɗan mitsitsi ne, ko sabon shiga zai ji kunyarsa. Wayar da ya jona ba ta makirufon tsohuwar ba ce, ta ƙaramin makirufon teburinsa ce, wanda yake yi wa mawaƙa magana da shi. Muryarsa ce ta cika lasifika, garau, tana dariya. Can ƙarƙashinta, kamar daga gidan maƙwabta, tsohuwar tana rera waƙarta. Sai ya ji kansa yana cewa, "Wallahi wannan tsohuwar sai ta mutu a nan kafin ta gama."

Ya waiga ya dubi kujerar da ke bayan gilashi, ba kowa a kai. Kwana biyu yana ƙoƙarin goge muryarsa, amma duk inda ya rage tasa, ta tsohuwar ce take fara ɓacewa. Ya daina zama a ɗakin da ƙofa a rufe.

A rana ta uku malamar ta zo bayan sallar azahar, idanunta a kumbure. Ya shirya ƙarya tun a gida, cewa kwamfuta ta lalace, amma ta riga shi magana.

"Injiniya, ba mu da muryar Inna ko a waya. Ƙannena suna gida suna jira."

"Malama, akwai matsala. Laifina ne."

"Kunna min kawai."

Ya kunna. Ta ji dariyar, ta ji hirar ƙwallo, ta ji maganar nan, ko motsi ba ta yi ba. Shi kuwa ya gwammace ta mare shi. Kusa da ƙarshen sautin, inda ya tsaya shan ruwa a ranar, ɗakin ya yi tsit, muryar tsohuwar ta fito siririya tana lallashin yaro ya yi barci. Daƙiƙa bakwai. Sai tasa ta dawo ta danne ta.

"Mayar da shi baya," in ji malamar.

Ya mayar. Ta sa ya mayar har sau huɗu, kunnenta manne da lasifika. Sannan ta ɗago ta dube shi, babu faɗa a fuskarta.

"Iya nan ne ka yi shiru?"

"Iya nan ne, Malama."