Tulu na Bakwai

Inna ta ƙwanƙwasa tulu na bakwai da bayan yatsa. Ya amsa da dusasshiyar murya, amma ta gyaɗa kai ta jera shi cikin masu kyau.

Auta ta ji amon sarai. Shekara arba'in uwarta na gina tuluna, kowanne da zanen igiyar ruwa da take ja da farce a ƙarƙashin wuya, ba a taɓa dawo mata da ko ɗaya don yoyo ba. Kunnenta ne alƙali: lafiyayyen tulu amonsa garau, mai ɓoyayyiyar tsaga kuwa sai ya yi dum. Yanzu kunnen ya yi nauyi. Wata uku ke nan Auta na bin bayanta a ɓoye, tana zare masu tsaga tana fasawa a bayan ramin gasa tuluna.

Yau babu wannan damar. Dillaliya ta yi sammako, har ta fara ɗaure kaya.

"Inna, hannunki ya ƙi tsufa," in ji dillaliya. "Ido rufe na shafa wuyan nan, na san naki ne."

"Me ta ce?"

"Wai kin iya," Auta ta ɗaga murya.

"Sai yau ta sani?"

Dillaliya ta kai hannu kan na bakwai. Auta ta miƙe, yumɓu har gwiwar hannu. In ta yi shiru, aikin Inna zai yi yoyo a ɗakin wata. In ta yi magana, ta tona asirin uwarta a gaban matar da zance ba ya kwana a cikinta.

"Ajiye wannan. Ya tsage."

"Me?" in ji Inna.

Babu yadda za a faɗe shi a hankali.

"Na ce ya tsage, Inna! Ba ki ji ba ne."

Dillaliya ta shiga gyaran ɗankwali. Inna ta jawo tulun, ta juya shi sau ɗaya, ta ɗora farce daidai kan tsagar, siririya kamar gashi.

"Tun da ya fito daga wuta na gan ta. Kunne na rasa, ba ido ba. Wata uku ina gasa ashirin, gari ya waye in tarar da sha bakwai. Kin zaci ɓera ke cin tulu?"

"Inna, tsoro na ji kada ranki..."

"Jira nake in ga ranar da za ki faɗa mini ido da ido."

Ta tura mata na takwas da ƙafa.

"Wanke hannunki ki ƙwanƙwasa. Baiwar Allah na jira."