Ai Ba Bakwaini Ba Ce

"Ragwanci ne kawai, Sista," in ji uwar. "Bokiti ɗaya za ta hau bene da shi, sai ta zauna tana haki kamar kakata."

Nas ɗin da suka zo gani a asibiti ba ta yi dariya ba. Ta sake auna jinin 'yar, Auta, ta tambaya ko watanninta sun cika aka haife ta.

"Ai ba bakwaini ba ce. 'Yan makonni suka rage, Allah ya sauke ni lafiya. Ban ma taɓa faɗa wa likita ba."

"Waɗanda aka haifa saura 'yan makonni ma, akan sa ido a kan zuciyarsu," in ji nas ɗin, ta nufi ƙofa da sauri.

Uwar ta riƙo hannun Auta, ta ji shi sanyi ƙalau. Salati ya kuɓuce mata.

"Sista, don girman Allah tsaya, ki faɗa min abin da kika gani."