Man Bwat na Motar Hajara

Ranar da Hajara ta karɓi farminta na tuƙi, shekarunta hamsin da uku. Shekara ashirin tana sarin gyaɗa daga Dogo tana kawowa Damagaram a motocin haya, sai bana ta sayi tata, 'yar ƙarama mai ruwan toka, otomatik, saboda gwiwarta ta hagu ba ta son wahala.

Ba ta yi sati da motar ba aka kira ta daga Zermu: 'yarta Rahina ta haihu, namiji. Hajara ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakar gida, ta rantse da kanta za ta tuƙa zuwa suna.

Washegari ta kai motar garajin Khalid, ɗan yayanta. Ya zaro sandar awon mai, ya goga a farin tsumma, ya shinshina.

"Gwaggo, man injin lafiya lau. Amma man bwat, wanda ke sauya miki giya, ya yi baƙi. Hanyar Zermu yashi ce. Sai an sake shi."

"To a sake mana! Me muke jira?"

Suka nufi wani shago kusa da kasuwar Dole. Mai shagon, Malam Ali, ya dire bido biyu, robobin mai masu lita ɗai-ɗai, a kan tebur, ya buɗe su. Duka man ja ne kamar zoɓo.

"Hajiya, wannan jika uku na sefa lita. Kin ga an rubuta ya dace da kowace mota. Wancan kuwa jika bakwai."

Hajara ta ɗiga kowanne a yatsa, ta murza. "Ni ban ga bambanci ba. Khalid, kai fa?"

"Ido ba ya gani, Gwaggo." Ya juya bido mai tsada, ya nuna wasu ƙananan lambobi a bayansa. "Wannan lambar izini ce. Masu ƙera motar sun gwada shi, sun yarda. Wancan, mai yin man ne ya yabi kansa. Ban ce maras kyau ba ne. Na sha zuba shi a motoci, wasu suna nan suna tafiya. Wasu kuma bayan wata uku giya ta fara fizga."

"Rabin garin nan shi suke saye," in ji Malam Ali. "Ni kaina shi ke cikin motata."

Hajara ta yi lissafi. Lita huɗu ake bukata, kuma bambancin ya isa ta ƙara wa mai jego turmi biyu. Har ta ɗora hannu a kan mai arahar, sai ta ɗago.

"To wa ya ce ma wannan lambar ta motata ce?"

Khalid ya yi dariya. "Kin kama ni. Ina littafin motar?"

Da sauri ta koma wajen motar, ta zaƙulo shi daga aljihun gaba. Duk Faransanci ne. Khalid yana bin layi da yatsa, Malam Ali ya sa tabarau ya leƙo, ita kuma ta riƙe bidon tana karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, kamar mai jiran sakamakon jarrabawa. Da suka kai ta ƙarshe, Khalid ya buga tebur.

"Ita ce! Daidai!"

"Allahu Akbar!" Hajara ta tafa. "Malam Ali, kawo huɗu. A fara ganin jikana da kakar da ta maƙale a yashi? Ba da ni ba!"

Sai dai lita uku kawai na mai tsadar ya rage a shagon. Khalid ya ce ba a gauraya shi da mai arahar. Malam Ali, wanda ɗokin ya riga ya kama shi, ya ce su jira, ya tare kabu-kabu ya ɗare, babbar rigarsa na kaɗawa. Bai yi rabin awa ba ya dawo daga unguwar Zango, yana ɗaga bidon sama tun daga nesa.

A ranar Khalid ya sake man. Ranar suna da hantsi Hajara ta fita, ƙawarta Husaina a gefe, kaya cike da baya. Da suka bar kwalta, yashi ya fara jan tayoyi. Husaina ta riƙe ƙofa tana salati.

"Ki saki ƙofar nan, ki saurara!" in ji Hajara. Ta taka. Motar ta sauko da giya da kanta, a hankali ba fizga, ta haye tudun.

A bakin Zermu ta danna oda ba ta saki ba. Mata suka fito daga gidan suna, suna tambayar wane direba ne wannan maras kunya. Da ta sauke gilashi, sai wuri ya kaure da guɗa. Rahina ta leƙo daga zaure da jariri a kafaɗa, baki buɗe.

"Inna! Ke ce da kanki?"

"Ni ce. Miƙo mini mijin nawa, sannan a nemo wanda zai gyara mini tsayuwar motar nan. Baya-baya ne har yanzu ban ƙware ba."